Ƙwayoyin Da Na Ce Baba Ya Zubar

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina cewa masu rubuto muku sun cika son kuka, yau kuma ga ni. Ba kuka zan yi ba, don ya daɗe da daina zuwa mini. Labari kawai zan bayar, kuma a karon farko a rayuwata zan yi ƙoƙarin bayar da shi daidai tsawonsa, ba ƙari.

Shekarata goma sha tara yanzu. Lokacin da abin ya fara ina da sha shida, ni ce auta a gidanmu da ke Romi a Kaduna, kuma duk layinmu an san ni da baki. Idan na ga ɓera a kicin, kafin in kai labarin tsakar gida ya zama gafiya, kafin in kai shi bakin famfo ya kai ɗan akuya har da ƙaho. Ina kwaikwayon malamin lissafinmu, da kwandastan bas, da mai sanarwa a cocinmu wanda ba ya iya gama jimla sai ya yi tari. Mama takan ce rediyo ta haɗiya lokacin da take da cikina. Ba wanda ya ɗauki abin da nake yi a matsayin ƙarya, ni ma ban ɗauka ba. A ganina labari kamar miya yake, in ba a ɗan ƙara masa gishiri ba ba ya shiga. Wanda ya fi kowa jin daɗin shirmena shi ne Baba. Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya daɗe a gaban injin saƙa har kunnensa ɗaya ya yi nauyi, kuma dattijo ne a cocinmu. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ko dariyarsa ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai za ka ga suna rawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma in Mama ta ɗauko muciya za ta bi ni, shi ne mai cewa a bar masa uwarsa ta huta.

A farkon shekarar da sojoji suka miƙa mulki, jiri ya ɗebe Baba a wurin aiki ya faɗi. A asibitin masaƙa aka ce hawan jini ne. Likita ya ce ƙwaya ɗaya kullum da safe, ba fashi, har iyakar ransa, a rage gishiri, kuma duk wata ya zo a auna shi. Ni aka ɗora wa aikin. Kwalin maganin yana kan rediyonsa, kowace safiya in ɓallo ɗaya in kai masa da kofin ruwa, ina yi masa muryar likita ina cewa majiyyaci ya buɗe baki. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinmu, kuma suka yi kwana uku suna zuwa gidanmu da waƙa da addu'a, Fasto ma ya zo. Cikin 'yan makonni Baba ya miƙe ya koma aiki a kan kekensa. A gidanmu ba wanda ya tsaya tambayar ko addu'a ce ta yi aiki ko ƙwaya. Baba da kansa yakan ce Allahn da ya yi fasto shi ya yi likita.

Lahadin da ta biyo bayan rantsar da farar hula, cocinmu ta yi sujadar godiya ta musamman. Gari kowa murna yake, ana cewa an shiga sabon zamani, har masu tsayawa a waje ta taga sun fi na ciki yawa. Aka buɗe lokacin shaida, wato duk wanda Ubangiji ya yi wa wani abu ya fito gaba ya faɗa. Mama tana da kunyar taro, sai ta zungure ni ta ce tunda Allah ya ba ni baki, yau in yi masa aiki da shi, in je in gode a madadin gidanmu. Na fita. Da gaskiya na fara: Baba ya faɗi, an kai shi asibiti, an yi addu'a, ya tashi. Amma ana zafi, mutum bakwai sun riga ni, na hango wata tsohuwa tana gyangyaɗi, yara suna wasa da fankar hannu. Ban taɓa iya jure ganin mutane suna hamma ina magana ba. Sai na kwaikwayi yadda Baba ya faɗi, na karkace baki na yi luuu kamar zan kife. Aka yi dariya. Na ce likita ya ce a tafi da shi gida kawai a jira lokaci. Na ce bayan addu'ar matan zumunta da aka koma, likita ya auna, ya cire tabarau ya goge, ya sake aunawa, ya bubbuga na'urar ya ce ta lalace a kawo wata, aka kawo ta biyu ita ma ya ce ta lalace. Coci ta ɗauka da dariya da tafi, tsohuwar nan ta farka. Da a nan na tsaya, da ban rubuto muku ba. Amma labari yana son rufewa, ni kuma na ji daɗin tafin. Sai na ce da muka dawo gida Baba ya kwashi ƙwayoyin nan gaba ɗaya ya watsa su a masai, ya ce shi da su har abada.

Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Mata suka yi guɗa, masu kiɗan tulu suka hau kiɗa, mawaƙa suka tayar da waƙa ba wanda ya ba su izini. Fasto ya ɗaga hannu ya ce Dattijo ya miƙe jama'a su ga aikin Ubangiji, sannan ya tambaye shi a gaban kowa ko haka abin ya faru. Baba ya miƙe daga bencin dattawa. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa zare in ya sarƙe a inji. Ƙwayar da na ba shi da hannuna da safen nan tana cikinsa. Amma a al'adarmu uba ba ya ƙaryata 'yarsa a bainar jama'a, balle a gaban bagade. Ya gyaɗa kai. Aka sake ɓarkewa da guɗa.

A hanyar gida Mama ta yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana murmushi ga masu taya mu murna, tana mintsinina a damtse. Baba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Da muka shiga ɗaki ya zauna ya cire takalmi, ya ce Uwata, kin ɗinka mini riga a gaban mutane, ko ta yi mini ko ba ta yi ba dole in sa. Na yi dariya, na ce ai kwana biyu za a manta. Da yamma ya ɗauke kwalin daga kan rediyo ya tura shi cikin tsohon takalminsa a ƙarƙashin gado, saboda baƙi sun fara shigowa.

Ba a manta ba. Aka riƙa gayyatar Baba taron addu'a a gidaje ya ba da shaidarsa, shi kuma sai ya ce Ubangiji ya yi masa alheri, ya yi shiru, wasu su ƙarasa masa sauran da kalmomina. Ana kawo masa marasa lafiya ya ɗora musu hannu. Mutumin da ya yi shekaru ba a san da zamansa ba sai a lokacin karɓar kuɗin baiko a coci, yanzu har daga wasu unguwanni ana nuna shi. Ranar awo ta zo bai je ba, domin rabin masu layi a asibitin masaƙa 'yan cocinmu ne, kuma nas ɗin da ke ba da magani tana cikin mawaƙanmu. Da kwalin ya kusa ƙarewa sai ya samo dabara. Akwai wani Malam, tsohon abokin aikinsa da ya bar masaƙa ya buɗe kemis a Unguwar Sanusi. Duk ƙarshen wata ranar Asabar Baba zai hau keke ya ce zai je gaishe da aboki, ya dawo da magani a cikin safa. A can ba ɗan cocinmu da zai gan shi. Ya taɓa gaya mana cewa Malam ya yi masa dariya har da hawaye, ya ce Dattijo, kai da ba ka iya satar ko zare ba, yau kai ne da fasa-ƙwauri. Haka muka yi wata takwas, ni kuma na ci gaba da kai masa ruwa, sai dai yanzu a rufe ƙofa tukuna.

Sai rikicin addinin nan ya ɓarke, wanda duk ɗan Kaduna ya sani ba sai na faɗa ba. Mu bai taɓa gidanmu ba, amma bayansa gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Wanda zai tafi wancan ɓangaren sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi, in ya dawo kuma maƙwabta su tambaye shi me ya kai shi. Malam ya aiko da kwali ɗaya ta hannun wani direba, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, an ce ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Ya rage sai kemis ɗin da ke bakin layinmu. Mama ta je sau ɗaya. Matar mai kemis ɗin 'yar zumunta ce, da Mama ta fara faɗin sunan maganin sai matar ta dafe ƙirji ta ce Maman yara, wa za a saya wa, ba dai Dattijo ba? Mama ta ce a'a, ta yi kuskuren suna ne, na ciwon kai take so. Ta dawo gida da maganin ciwon kai. Daga nan ta koma jiƙa masa tafarnuwa da zoɓo marar sukari, duk abin da aka ce yana saukar da jini.

Wata safiya na zura hannu cikin takalmin na tarar da kwali wayam. Na same shi yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke, na ce Baba, Lahadin nan zan tashi in faɗa wa jama'a cewa ƙari na yi. Ya jingine keken. Ya ce Uwata, kin san abin da ake yi wa wanda ya yi ƙarya a gaban bagade? Za a sa ki a horo, ki koma bencin baya, a hana ki jibin Ubangiji, kuma sunan maƙaryaciya zai bi ki har gidan miji, don mutanenmu suna yafewa amma ba sa mantawa. Ya ce shi kuma da ya gyaɗa kai fa, da wane ido zai sake zama a bencin dattawa? Sannan ya bugi ƙirjinsa ya ce in dube shi, ko ciwon kai ba ya ji, wa ya sani ko Ubangiji ya ari bakin yarinya ne ya faɗi abin da ya riga ya yi. An maimaita masa labarin har shi ma ya fara jin ko gaskiya ne. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da ya hana ni, daɗi na ji. Kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Ban sake tayar da maganar ba. Na ce a raina ai na yi tayi, shi ya ƙi.

Wata huɗu ya yi ba magani. Ranar wata Asabar da hantsi, cikin damina, yana tsugune a tsakar gida yana gyaran sarƙar keke, ni ina wanki ina ba shi labarin wani kwandasta da ya yi faɗa da mai kaji. Ya juyo zai ce wani abu, sai na ga bakinsa ya zame gefe ɗaya, maganar ta fito a dagule, ya yi luuu. Daidai yadda na kwaikwaye shi a coci. Ya saba tsokanata da hakan in yana cikin raha. Sai na tuntsire da dariya na ce Baba, wallahi yau ka fi ni iyawa. Ina cikin dariyar sifana ta faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi ta.

Ihun Mama ya tara maƙwabta. Aka kwantar da shi a tabarma a falo. Wani dattijo abokin zamansa a benci ya ce wannan ba ciwo ba ne, Shaiɗan ne ya zo ƙwace shaidar da ta girgiza Romi, kuma in aka kai shi asibiti an miƙa wa maƙiyi nasara. Ba mugun mutum ba ne, yana kuka yake faɗa. Aka fara addu'a wajen ƙarfe goma. Mata suka cika ɗakin, ana waƙa, ana tsawata wa iblis, ana tuna wa Ubangiji ƙwayoyin da bawansa ya zubar saboda bangaskiya. Mama tana riƙe da kansa, ta kasa cewa komai, don in ta faɗa ta tona mijinta da 'yarta a lokaci ɗaya. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu. Na san jimla ɗaya ce za ta tsayar da komai. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na yi awa huɗu a tsaye. Ba tsoro nake ji ba, ba na jin komai ne, kamar ina kallon gidan wasu.

Bayan ƙarfe biyu nas ɗin nan ta mawaƙa ta dawo daga aiki ta ji labari. Ta kutsa cikin mutane da kayan aikinta a jiki, ta duba idonsa, ta ɗaga hannunsa na dama ta saki ya faɗi. Ta tambayi yaushe rabonsa da magani. Mutum biyar suka amsa mata a tare cewa ai ya fi shekara da zubarwa. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce mata bai taɓa zubarwa ba, ni na ƙirƙira, yana sha a ɓoye har wata huɗu da suka wuce. Cikin hayaniyar ita kaɗai ta ji. Ta miƙe ta daka tsawa ta ce duk mai son Dattijo ya nemo mota, mai son waƙa kuma ya bi su da ita a hanya.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma awannin da aka ɓata ba za su dawo ba. Da yamma nas ɗin ta same ni a kan benci a baranda ta zauna kusa da ni. Na ɗauka zagina za ta yi. Sai ta ce 'yata, da babanki ya zo mini ta ƙofar baya da na naɗe masa a takarda ba wanda zai sani. Ta ce bencin dattawan nan da nake gani, ba za ta kira suna ba, amma da yawansu irin ƙwayar suke sha, kowa yana zuwa shi kaɗai yana roƙonta kada ta faɗa, kuma tun ranar shaidata suka ƙara ɓoyewa, don kada a ce Dattijo ya fi su bangaskiya. Wato duk ranar Lahadi suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa da kwalinsa a cikin nasa takalmin, kowa yana jin kunyar na kusa da shi.

Baba bai mutu ba. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun tafi, magana kuma sai kalma ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Masaƙa ta sallame shi. Keken yana jingine inda ya bar shi, sarƙar a cire. Lahadi ta uku bayan an sallamo shi na fita gaba a lokacin shaida na faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Bai kai minti biyu ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi guɗa. Aka sa ni a horo wata uku, na zauna a bencin baya, kuma abin da Baba ya ba da rabin jikinsa don ya kare ni daga gare shi, ashe benci ne kawai, katako kamar sauran. Fasto ya yi wa'azi daga baya cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Wasu sun ji. Amma kwanan baya a cikin bas ɗin Kakau na ji wata mata tana ba maƙwabciyarta labarin wani dattijo a Romi da na'urar likita ta lalace a kansa har sau uku, ya watsa magani a masai, yanzu haka yana noma kadada biyar. Na ce mata Mama, ni 'yarsa ce, ba haka aka yi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce yaran yanzu ba su da bangaskiya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ciwon Baba a jininsa yake, amma abin da ya kayar da shi ba a jini yake ba: bakina ne, da tafin jama'a, da kunyar da ke hana babba ya ce har yanzu ina shan magani. Masu baki irina, ku yi wasanku da ɓera da kwandasta, amma kada ku ƙara ko ƙwayar gishiri a labarin lafiyar wani, don shi zai zauna a cikin labarin bayan an gama tafi. Masu sauraro kuma, in mutum ya ce ya samu sauƙi ku taya shi godiya, kada ku tambaye shi ko ya zubar da magani. In kuna da babba a gida mai hawan jini, ku duba kwalin da idonku, kada ku yarda da bugun ƙirji. In kuma ya faɗi, ku yi addu'ar a cikin mota.

Kwalin ya koma kan rediyo, a fili, duk baƙon da ya shigo yana ganinsa. Kowace safiya ina ɓallo ɗaya in kai masa da ruwa. Wani lokaci yakan kama zanena da hannun hagu ya ce Uwata, sannan ya yi tari irin na mai sanarwa, wato in yi masa kwaikwayo. Ina yi. Kafaɗarsa ɗaya tana rawa, ɗayar tana nan inda take. Ni kuma ina tsaye da kofin, ina jira ya haɗiye.